Kafiretar Babur Marar Birki

Jiya na ji ɗayanku yana cewa kafireta ba wani aiki ba ce, sukuru huɗu ne ka kwance, ka busa iska, ka mayar, ya gani a waya. Ban tanka ba saboda hannuna yana cikin fetur. Yau aiki da sauƙi, sai ku gyara zama.

A nan Makka aka haife ni, a titin da ake kira Shari' Mansur. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Ina da shekara goma sha biyar mahaifina ya kama hannuna ya kai ni warsha, wato garejin Mu'allim Abakar, wani Bahaushe da ya shigo ta Cadi da Sudan, ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci a bakin teku kafin ya ƙetaro. A nan ya koma kan babur, wanda 'yan gari ke kira dabbab. Mahaifina ya ce masa, "Ga Isa nan, Mu'allim. Ba ya jin karatu, ko zai ji ƙarfe." Mu'allim Abakar ya dubi yatsuna, bai dubi fuskata ba, ya ce in dawo gobe bayan asuba.

Wata shida ban kwance komai ba. Wanki kawai. Yana da wani farin faranti na tangaran, a kansa ake zube kayan cikin kafireta, saboda ƙaramin abu idan ya faɗi a kan fari ana ganinsa. Yana da sikundireba uku da ya wasa bakinsu da kansa don su zauna daidai a tsagar tagulla, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da guntun madubi da yake shimfiɗa takardar yashi a kai ya goge fuskar kafireta idan ta karkace. Wayar ƙarfe kuwa haramun ce a wurinsa. Ya taɓa kama ni ina zura silin wayar birki a hudar jet, ya karɓe ya jefar da jet ɗin a kwandon shara a gabana. Ya ce ƙarfe ya fi tagulla ƙarfi, na faɗaɗa hudar ko da idona bai gani ba. Shi da zaren asuwaki yake share ta, sili ɗaya.

Yadda ya koya mini aikinta shi ne yadda zan faɗa muku. Inji yana jan iska kamar yadda mutum ke jan numfashi. Iskar tana bi ta cikin kafireta, a tsakiya akwai wuri matsattse da muke kira maƙogwaro. Da ta zo nan sai ta ƙara gudu, gudun nan ne yake tsotso mai daga kwanon da ke ƙasa, ta cikin wata 'yar ƙwayar tagulla mai huda, ita ce jet. A cikin kwanon akwai awwama, irin dai wadda ke cikin tankin ruwa a saman benenku: mai ya cika ta taso ta toshe, ya ragu ta sauka ta buɗe. A sama kuma akwai ƙyaure mai hawa da sauka, wayar totur ce ke jansa sama, sifirin ne ke mayar da shi ƙasa. A gindin ƙyauren akwai allura mai tsini da take shiga bakin hanyar mai. Ka murɗa totur, ƙyaure ya tashi, iska ta ƙaru, allura ta fito, mai ya ƙaru. Shi ke nan. Wannan kowa zai iya haddacewa a zama ɗaya. Aikin yana wajen sanin nawa ne iska, nawa ne mai, a wannan babur, a wannan rana.

Filogi ne ke ba da labari. Ya fito baƙi da toka, mai ya yi yawa. Ya fito fari fat, injin yana jin yunwa, kuma yunwa ita ke huda fistin. Abin da ake nema shi ne launin shayi da madara. Kuma iska ba iri ɗaya ba ce. Babur da na daidaita a nan, a hau shi zuwa Ɗa'if, sai ya kama tari da baƙin hayaƙi, saboda iskar kan dutse ba ta da kauri. Mai shi ya dawo yana zagina, alhali ba abin da ya lalace.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai na wani Bayamane ne mai raba burodin tamis. Baburinsa yana tafiya lafiya da safe, da an yi azahar sai ya mutu a hanya. Ya huta minti goma ya tashi. Na kwance kafiretar, na wanke, na mayar. Washegari ya dawo. Na sake. Rana ta uku ya zo yana turo shi, burodin ya yi sanyi, yana ta faɗa da Larabci. Mu'allim Abakar yana zaune yana shan shayi, bai ce mini komai ba duk kwanakin nan. Sai ya tashi ya murɗe murfin tanki. Muka ji ya yi "fuss". 'Yar hudar da iska ke shiga tanki ce garin fulawa ya toshe, mai ya kasa sauka. Ya share ta da asuwaki ya koma kan shayinsa. Ya ce, "Rabin kafiretar da za a kawo maka lafiyarta lau. Ka fara tambaya kafin ka fara kwancewa."

Da ya rasu na buɗe tawa a nan Aziziyya. Abincinmu na shekara a lokacin Hajji yake. Hanyoyi suna cika, mota ba ta motsi, sai babura ke ɗaukar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina da Harami. Samarinmu da yawa da wannan suke samun na aure. Babur zai yini yana rarrafe cikin jama'a, injin ya yi zafi, ƙura ta cika matatar iska, a zuba masa fetur daga jarka mai ruwa a gindi. A kwanakin nan nakan kwance kafireta talatin a yini, a tsaye, mai babur yana tsaye a kaina yana cewa, "Yalla ya Mu'allim, alhaji na jira." Ban taɓa ganin tsayuwar Arfa ba sai shekarar da na yi nawa Hajjin.

Sai shekarar korona. Ku kun gan ta, ba sai na faɗa muku yadda Aziziyya ta zama ba. Benayen alhazai a kulle, shaguna a kulle, mu ma dokar hana fita ta zaunar da mu watanni. Da aka buɗe, ba Umara, Hajjin ma mutane kaɗan aka bari. Babura sun cika titi, amma na masu kai abinci gida ne, mafi yawa sababbi, kamfanoninsu ke gyara su. Sai in buɗe warsha da safe, in share, in zauna har la'asar ba wanda ya tsaya. Na koma gyaran injin ban ruwa da janareta, duk abin da ke da kafireta.

Bayan Hajjin shekarar ne wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya a nan ƙofar. Mai ita Abu Nayif, ɗan kasuwar kayan gini. Shi ma jikan Hausawa ne, amma Hausarsa ta gaisuwa ce, da zance ya yi nisa sai ya koma Larabci. Tare da shi akwai ɗansa Nayif, mai shekara ashirin da huɗu, ya gama karatun injiniya a waje, zaman gida ya ishe shi. A bayan motar akwai wani babur da ban taɓa ganin irinsa ba. Siriri kamar keke, inji ɗaya ƙato, ba fitila, ba giya, ba birki ko ɗaya. Na zagaya shi sau biyu ina neman birkin.

Nayif ya yi dariya ya ce, "Babu, ya ammi. Haka ake yinsa." Ammi, wato baffa, haka yake kirana.

Ya bayyana mini cewa na tsere ne, a Turai ake yi, a fili zagaye kamar ƙwai, a kan ƙasa. Mahayi yana shan kwana a karkace, tayar baya tana zamewa, ƙafar hagu tana jan ƙasa da takalmin ƙarfe. Totur ne giyarsa, totur ne birkinsa. Ya sayo shi na hannu daga wani tsohon ɗan tsere, ya iso ta Jidda. Suna da gona wajen Jumum, sun share fili. Matsalar ita ce ya ƙi tashi. Sun kai wa mutum biyu kafin ni.

Na cire filogi, baƙi ne, jiƙe da fetur. Na kwance kwanon, na ciro jet ɗin na ɗaga shi sama. Hudar za ta ci tsinken ashana. Na ce musu wani jahili ne ya huda shi da abin huda ƙarfe, zan sa ƙarami irin na babban babur, ya tashi yanzu. Har na buɗe akwatin jet-jet ɗina, sai na ga akwai lamba a jikin jet ɗin da na ciro, kuma bakin hudar sumul yake, aikin masana'anta. Na ajiye. Na ce wa Nayif ya kira mai shi na da.

Ya kira shi ta bidiyo. Wani dattijo ne mai farin gashi a cikin garejinsa. Da Nayif ya nuna masa jarkar fetur, sai ya dafe kai, ya ɗauko tasa jarkar ya nuna mana rubutun jikinta. Babur ɗin ba ya shan fetur. Metanol yake sha, wani sinadari dangin sifirit, fari kamar ruwa. Nayif yana fassara, ni ina tambaya. Metanol ba shi da ƙarfin fetur, sai an zuba fiye da ninki biyu a iska ɗaya, shi ya sa komai na kafiretar yake da faɗi: jet, hanyar mai, har bakin da awwama ke toshewa. Amma yana jure matsi, yana sanyaya inji, shi ya sa aka matse injin fiye da kima. Da na sa ƙaramin jet na tayar da shi da fetur, da fistin ɗin bai yi minti biyar ba. Dattijon ya ƙara abu uku. Wutarsa ba a ganinta da rana, a ajiye bokitin ruwa kusa. Yana jan ruwa daga iska yana cin alminiyon, don haka ba a barinsa ya kwana a kafireta. Kuma akwai igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannun dama, idan an fizge ta wuta ta yanke, ba a hawa sai da ita.

Aka samo metanol daga Jidda. Mako uku ina zuwa gonar bayan asuba, saboda da rana ta ɗaga iska tana canzawa. Jet ɗin da ya zo da shi na sanyin ƙasarsu ne, a zafinmu mai ya yi masa yawa, yana shaƙewa idan aka buɗe totur. Akwai wasu a jakar kayan da dattijon ya haɗo. Na riƙa sauka mataki-mataki, ba na tsallake ko ɗaya. Filogi a nan ba ya taimako, metanol ba ya barin launi, sai kunne da tafin hannu a kan inji. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsakiya, inda allura ke aiki. A babur na titi idan ya ɗan yi jinkiri kafin ya amsa, ba komai. A wannan, mahayi yana tsakiyar kwana, taya tana zamewa, idan ya murɗa bai amsa nan take ba tayar za ta kama ƙasa ta jefar da shi. Na ɗaga allurar tsaga ɗaya, na sauke, na sake ɗagawa. Ranar da injin ya zauna daidai, Nayif ya yi zagaye huɗu, ƙasa tana tashi a bayansa kamar an watsa da shebur, ya tsaya ya cire hular kwano yana haki ya ce, "Hada huwa, ya ammi. Shi ne wannan."

A ranar na lura sifirin ɗin ƙyaure ya ɗan saki. Sabo sai an yi oda, kuma kaya a lokacin suna wata biyu a hanya. Na ja shi da hannu ya ƙara tsawo, na gwada, ƙyauren yana faɗawa da ƙara. Na mayar. Kafin in tafi na tsaya da Abu Nayif a gindin dabino na jera masa sharuɗɗan: a zubar da mai bayan kowane hawa, a kwance a busar, a shafa wa matatar iska mai, a ɗaura igiya. Ya ce, "Ɗayyib, ɗayyib, Mu'allim," wato to, ya ji. Nayif a lokacin yana can yana ɗaukar babur hoto.

Wata biyu ban ji daga gare su ba. Ranar wata Asabar bayan la'asar Abu Nayif ya shigo nan, bai yi sallama ba. Ya ajiye leda a kan wannan teburin, kafiretar babur ɗin tana ciki. Maƙwabcina mai faci da wasu mutum biyu suna zaune.

Ya ce, da Hausa, kalma-kalma, "Kai ka gyara wannan."

Na ce ni ne. Na tambaye shi lafiyar Nayif.

"Yana asibiti tun jiya. Cinya ta karye, kafaɗa ta karye. Totur ya maƙale, ya shiga katanga."

Na ɗauko farin faranti na kwance ta a gabansa. Ƙyauren yana sama, na danna da yatsa ya ƙi sauka. Da na fitar da shi, jikinsa duk farin gari ne kamar gishiri, haɗe da yashi mai laushi. Kwanon ma haka. Na tambaye shi kwana nawa babur ya yi a ajiye kafin jiya. Ya ce kusan mako biyu. An zubar da man? Ya kawar da kai. Matatar iska fa? Ya ce mai gadin gona ya wanke babur da tiyo. Igiya? Ya ce Nayif ba ya sonta, tana damun hannunsa.

Maƙwabcina ya ce, "To ka ji, Alhaji. Ina laifin Mu'allim a nan?"

Na ce ya dakata. Na ɗaga sifirin ɗin na nuna wa Abu Nayif. Na ce, "Wannan ya saki tun ranar da na gama. Na ja shi da hannu maimakon in ce a jira sabo. Da sabo ne, wataƙila ya tura ƙyauren ƙasa duk da dattin, wataƙila kuma ba zai tura ba, Allah ne masani. Kuma sharuɗɗan nan kai na faɗa wa, ban faɗa wa mai hawan ba. Waɗannan biyun nawa ne."

Ya tattara kayan a ledarsa ya fita.

Magana ta zaga Aziziyya cewa Isa ya karya ɗan mutane, kuma shi da bakinsa ya amsa. Ɗan aikin janareta da nake samu ya ragu. Wasu da suka san ni shekara ashirin suka riƙa wucewa ta gabana suna tura babur zuwa wani layi. Na je asibiti sau ɗaya, aka ce dangi kawai ake bari. Na bar saƙon gaisuwa na dawo.

Bayan ƙaramar Salla ina zaune sai ga Nayif da sanda, ya rame, ledar nan a hannunsa. Ya gaishe ni ya zauna a kan bencin da kuke kai. Ya ce mahaifinsa ya ce a kai babur tashlih, wajen 'yan gwangwan, a yanka shi, shi kuma ya roƙa a bar masa. Ya fito da sabon sifirin a takardarsa.

Ya ce, "Ba gyara na kawo ba, ya ammi. Ina so ka koya mini."

Na ce, "Kai injiniya ne."

"Na san lissafinta. Ban taɓa buɗe ta ba."

Na ce sai mahaifinsa ya yarda. Ya kira shi a gabana ya miƙo mini wayar. Abu Nayif ya ce, "Ya fi ƙarfina, Mu'allim. Idan zai hau, gara ya hau da saninka." Ya kashe.

Ya yi wata uku yana zuwa kullum bayan la'asar. Na fara shi da wanki. Ya kwance ta, ya wanke, ya busar, ya haɗa, in kwance in ce ya sake. Sau biyu ya manta 'yar wayar da ke riƙe allura. Sau ɗaya ya ɗaure jet da ƙarfi har tagullar ta tsage, ya jira sabo mako biyar. Ban taɓa riƙe masa sikundireba ba.

Da sanyi ya shigo muka koma gonar, aka shirya duk Juma'a za su aiko mini mota in duba babur kafin Nayif ya hau. An rushe katangar da ya buga, an jera tsofaffin tayoyi a wurin. Abu Nayif yana tsaye nesa a gindin dabino, mun gaisa da hannu. Nayif ya haɗa kafiretar da kansa a kan farin faranti da ya saya. Ya ɗaga ƙyauren sau uku ya saki, muna jin ƙarar faɗawarsa. Ya ɗaura igiya, ya fizge don gwaji, injin ya mutu, ya sake tayarwa. Ni na riƙe bokitin ruwa.

Zagayen farko a hankali ya yi, yana lallaɓa ƙafar da ta karye. Na biyu ya buɗe. Ya yi shida ya tsaya. Bai cire hular kwano ba sai da ya rufe mai, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance kwanon ya zubar da abin da ke ciki a ƙasa. Ya fitar da ƙyauren ya goge, ya hura jet ɗin, ya ɗaga shi sama ya leƙa. Sannan ya miƙo mini farantin.

Na duba ɗaya bayan ɗaya da gilashi. Abu Nayif ya matso ya tsaya a bayana.

Ya ce, "Yaya, Mu'allim?"

Na miƙa wa Nayif farantinsa. Na ce, "Ba abin da zan taɓa. Ranar Juma'a ba sai kun aiko mini mota ba."